Lemun Gindin Taga

Shekarar da aka rufe boda, Junaidu mai zanen gidaje a Illela ya shimfiɗa takarda gaban Sakinatu. Wanda za ta aura ne ya ba shi aikin, shi kuwa ya kasa zana komai sai gidan da shi da ita suka taɓa tsara wa kansu lokacin da suke soyayya: katangar ƙasa mai kauri saboda zafi, ruwan wanka na gangarawa lambu.

Ta daɗe tana kallon bishiyar lemun da ya zana gindin taga.

"Malam Junaidu, goge wannan."

Da can Yaya take ce masa.

"Don mi? Ke kinka zaɓe ta."

"Shi ya sa. Kullum safe ni za ni buɗe tagar nan."

Ya yi ta gogewa har takardar ta huje.