Jan Ɗigo a Wayar Malam

Sati uku ke nan, da zarar ta buɗe baki sai mijinta ya ajiye waya a gabansa, jan ɗigon manhajar ɗaukar magana yana ƙyaftawa. Wa yake tara wa maganganunta? Yayarsa? Alƙali?

Yau haƙurinta ya ƙare, ta fizge wayar.

"Malam, shekara talatin da aure, ni kake naɗa kamar ɓarauniya? In ka gaji da ni, sake ni!"

Ya zuba wa leɓɓanta ido. Ta dubi wayar, ga maganarta nan a rubuce da manyan baƙaƙe.

"Miƙo in ga me kika ce, Hajiya. Kunnuwana sun mutu, kunyar faɗa miki nake ji."

Ta shiga neman inda ake gogewa kafin ya gani.