Bakanike da Numfashin Maijego

Tunda ka ce maiɗakinka ta kusa sauka, matso in ba ka wani misali. An yi wani bakanike mai gyaran injin ban ruwa, mutum mai kunne. Daga bakin fadama zai ji tarin inji ya ce maka yashi ya shaƙa, tun bai kwance ƙusa ko ɗaya ba. Amma a gidansa, kurma ne. Matarsa ta haihu, aka yi suna, aka cinye rago, goggonsa ta kafa tukunyar wankan jego. Safe da yamma ga tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa cikin kwano, kanwar ma ba a awo, wai kada sanyi ya shige ta. Ƙafafun maijego suka kumbura har silifa ya ƙi shiga. Goggo ta ce sanyin ne ke neman hanyar fita, a ƙaro itace. Kai na sara, ido na ganin wuta-wuta, in ta kwanta numfashi ya ƙi, sai dai ta jingina da bango. Kowace mai barka ta tambaya, sai ta ce lafiya lau, ta ja zane ta rufe ƙafa. Ai 'yar gidan mutunci ba ta raki.

Kwana goma sha biyu da haihuwa, da hantsi, gogan ya dawo ɗaukar sifanar da ya manta. Daga zaure ya ji wani gurnani, har ya fara tunanin wa ya kawo masa aiki cikin gida. Ashe matarsa ce, taku goma ta yi daga makewayi zuwa ƙofar ɗaki, ta dafe bango tana haki. Ya san wannan kukan: injin da ke yin sa, bugawa ta rage masa. Ya ce sai asibiti, Goggo ta tare ƙofa, "Kai, ina ruwan namiji da jego? Haihuwa tara na yi, da haka aka wanke ni!" Ya raɓa ta ya fita, ya tsayar da adaidaita. A asibiti malamar jinya ta tambayi maijego abin da ke damun ta, Goggo ta riga ta: "Ba komai, 'yar nan, sanyi ne." Maijego ta dubi Goggo, ta dubi jaririyar da ke cinyarta, sannan a hankali ta yaye zanen. Malama ta danna yatsa a ƙafar, rami ya zauna kamar a malmalar tuwo. Daga nan baki ya buɗe, ta zayyana komai. Aka auna: jini ya hau, zuciya ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Nan take aka ba ta gado, aka raba ta da kanwa da gishiri. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, in ba shanyewar ɓarin jiki ba, to makara ce. Yau ga ta can tana goyon 'yarta. Goggo kuwa har gobe tana gaya wa mutane ita ta fara lura.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.