Labarin Jirgin Kaka

"Ni da jirgin ruwa ya nutse da ni, na fito da buhu biyu a ka, jikata ce za ta ce ta gaji?" in ji Kaka.

Likitar motsa jiki ta ce, "Baba, ciwon gajiya ne, ba lalaci ba. Taku kaɗan kullum, hutu da yawa. Kada a matsa mata."

Wata bakwai rabon jikar tasa, Auta, da makaranta, ko cokali nauyi yake mata. Kaka kuwa bai matsa ba. Kujera kawai ya ja bakin gadonta, kullum da safe ya ɗauko labarin jirgin daga farko.

Makon farko ta kai ƙofar ɗaki. Ya ɗaga murya, kada wurin buhunan ya wuce ta. Ta kai falo. Ya ƙara. Wata uku, sai ga ta a bakin titi da jakar makaranta.

Likita ta tambaye ta sirrin.

Auta ta sunkuyar da kai. "Inda muryarsa ba ta kaiwa nake nema."

Kaka ya gyara zama. "Kin ji ko, likita? Labari ɗaya ke nan fa. Ina da arba'in."