Hannu Na Saya, Ban Sayi Rufi Ba

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Agusta, da ƙarfe tara da kwata na safe, wani babban manomin shinkafa ya shiga rumfar gyaran jiragen sama ta wani dattijo, takardar kuɗin aiki a hannunsa. Manomin yana da ɗan ƙaramin jirgin feshi da yake korar tsuntsaye jan-baki da shi, kuma shi ne babban mai kawo wa rumfar aiki. Ya riga ya bincika, ya ji abin da makanike ke samu a awa guda bai wuce naira dubu goma ba, ga shi an rubuta masa dubu talatin a kowace awa. Dattijon ya gyara tabarau, ya ɗauki fensir, ya warware masa dalla-dalla: dubu goma na makanike ne, dubu biyar na asibitinsa da fanshonsa da ranakun hutunsa, domin mutum ba ya daina cin tuwo ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, sauran na hayar rumfa ne da man janareta da mai tsaron sito, da kuma injiniya mai lasisi, wanda in bai duba aiki ya sa hannu ba, doka ba ta barin jirgi ya tashi. Abin da ke shiga aljihun mai rumfa dubu biyu ne. Sau uku yana maimaita wannan bayani, har bakin fensir ya karye. Manomin ya ce, "Baba, ni hannu na saya, ban sayi rufi ba. Shi wancan mai sa hannun, ko sifana ban taɓa ganin ya ɗaga ba. Dubu goma sha takwas, ko in kai jirgina wani gari."

Dattijon ya san magana ce ta wanda bai taɓa riƙon rumfa ba, amma shekara talatin yana gina wurin, ya ji tsoron ya wayi gari babu jirgi ko ɗaya a ƙarƙashin rufinsa. Ya yarda, ransa a ɓace. Kuɗin asibiti aka fara yankewa, makanikai biyu suka kama gabansu. Aka sallami mai sito, sai ƙusar da ake samu cikin minti biyu ta koma cin rabin yini ana nema. Albashin injiniya ya makara wata biyu, shi ma ya ɗauki lasisinsa ya yi Legas. Da shinkafa ta yi nono, jan-baki suka sauko fadama kamar hadari. Jirgi kuwa an gyara shi tsaf, an cika masa mai, amma babu mai ikon sa hannu, matuƙi kuma ya ce ba zai jefa ransa da lasisinsa a kan aikin da ba a duba ba. Kwana tara manomin yana zarya yana faɗa, tsuntsaye kuwa ba su jira kowa ba. Da aka zo girbi, ƙaiƙayi aka tara. Waɗanda suka rage a rumfar su ne dattijon, da makanike ɗaya da tsufa ya hana shi neman wani wuri, da mai gadi, da jirgin da tayoyinsa suka fara sacewa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.