Kwana Uku a Layin Mudassir

Tun da aka kafa allon Jadawali a ofisoshin masu haɗa manhajar kwamfuta, aiki bai ƙara wuce wa'adinsa ba. Allon yakan san ranar da ma'aikaci ba zai zo ba tun kafin shi ya sani, kuma shugaban rukuni kaɗai ke ganinsa.

Ranar Litinin Malama Zulai, shugabar rukuni, ta ga an share wa Mudassir kwana uku a layinsa na allon, Alhamis zuwa Asabar. Mai zazzaɓi kwana ɗaya allon ke ba shi. Uku na zaman makoki ne, mahaifinsa kuwa yana kwance a Ringim.

Ranar Laraba za su miƙa manhajar, kuma babu wanda ya san cikinta kamar Mudassir. Rukunin da ya saɓa wa'adi rushe shi ake yi, su kuma su tara ne.

Da hantsi ya leƙo ofishinta.

"Anti, wai Baba yana ta tambayata. In je yau in dawo jibi?"

"Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Jiya har kunu ya sha, yana yi wa Inna tsiya wai tsamiya ta yi kaɗan."

Zulai ta jera takardun gabanta daidai.

"Bari mu miƙa aikin nan tukuna. Alhamis sai ka tafi, na ba ka har Asabar."

"Har kwana uku? Kai, Anti, Allah ya saka da alheri!"

Da ya fita ta kira direban ofis, ta ce ya shirya babbar mota ranar Alhamis, kowa zai je Ringim.