Ɗan Ruwan Gindin Tukunyar Gas

Kana ta ce mini wai 'yar magana ce kawai ka yaɓa wa maƙwabcinka a gaban mutane, ba ta kai ta kawo ba. To, gyara zama ka ji misali.

Wani tela ne ya je sunan ɗansa na fari a gidan surukansa, inda matarsa take wankan gida. Mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da son a ce ya iya. Ana tsakiyar hidima uwar matar ta ce wutar tukunyar gas ta yi sanyi, a kai a ƙaro. Gogan naka ya yi caraf ya karɓa, ya jijjiga, ya ji ɗan abu yana motsi a gindi. Ya ce ai ruwa ne masu sayarwa suke haɗawa, bai fi moɗa biyu ba, bari ya zubar kafin a cika. Ya shiga da ita zaure, ya kifa ta, ya danna bakin da ƙusa. Abu ya feso fari fat, sanyinsa ya ƙone masa yatsu, amma ko ɗigo bai kwanta a ƙasa ba. Ashe gas ɗin ne da kansa, matsi ya mayar da shi ruwa. Shi kuwa da zarar ya sami sarari sai ya kumbura wajen sau ɗari biyu da saba'in. Cikin kwalbar lita ɗaya, in ya kumbura, ya fi ƙarfin duro. Ga shi ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Ya cika zauren, ya malala tsakar gida inda murhu uku suke ci da itace.

Wari na bugun hancin mata sai salati ya tashi. Aka sheƙa wa murahun ruwa, toka ta turnuƙe ta koma cikin tukwanen shinkafa. Mai jego ta fito titi da jariri ko mayafi babu. Surukin, dattijo mai ciwon ƙafa, goya shi aka yi, ba hula ba takalmi, a gaban duk mutanen da ya gayyato. Allah ya tsare, wuta ba ta kama ba. Tela yana tsaye da ƙusa a hannu, yana jiran zagi, wallahi da ya fi masa sauƙi. Dattijon ya dube shi, ya ce kawai, "A duba masa hannun nan, ya ji ciwo." Kunya ta rufe shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai iya cin naman ragon ɗansa ba, kuma har yaron ya fara rarrafe bai sake haɗa ido da surukinsa ba.

Moɗa biyu ce ya gani, malam. Tashi ka je ka ba mutumin nan haƙuri tun maganarka ba ta cika unguwa ba. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.