Buta Uku a Filin Masallaci

Tun da teku ya cinye kasuwar kifi, mutanen Zangon Gaɓa suka kafa wa kansu doka. Kafin kowace damina, kowa zai gina ɗan ƙaramin samfurin gidansa da laka, ya busar, a jera su a filin masallaci yadda unguwar take. Sai a tuttula ruwa buta uku. Gidan da ya narke, masu shi za su tashi daga ainihin gidansu, a haƙa wa ruwa hanya ta wurin.

Gidan Tabawa ne a can gangare, ga 'ya'ya huɗu. Shi ya sa da safen nan, da ta durƙusa za ta ajiye nata, ta cusa curin laka a ƙarƙashinsa.

"Wannan rawar jiki fa, Tabawa? Ko ke za a jiƙa?" in ji Iya Azumi, maƙwabciyarta, wadda ta karɓi haihuwarta duka huɗun.

Mai unguwa ya karkata buta. Ruwa ya gangaro, ya taɓa gidan Tabawa, ya ɗan tsaya. Sannan ya kauce, ya shige na Iya Azumi. Bangon ya zube a hankali.

Tabawa ta juyo wajen Iya Azumi.

Tsohuwar ta dubi gidanta, ta dubi ɗanyar lakar da ke farcen Tabawa. Sai ta miƙo mata bakin mayafinta.

"Goge hannunki, 'yar nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "kafin su gani."